Burauza Mai Jemage da Irin Masarar Malam Maharazu

A Gozaki, duk wanda ya je birni ya dawo, akan ɗaga masa ƙafa na mako guda ya yi surutunsa ya huce. Aƙilu ya cinye makonsa, ya shiga na wasu, bai huce ba.

'Yan watanni ya yi a Kaduna a shagon wani mai gyaran waya, kuma waɗanda suka gan shi a can sun shaida cewa aikinsa bai wuce liƙa gilashi a fuskar waya da sayo wa maigida abinci ba. Amma ya dawo da jakar goyo, da tabarau marar magani, da sabon suna da ya raɗa wa kansa ba a yanka ko zakara ba: Injiniya.

Wata safiya gab da faɗuwar damina, ya tsaya a teburin Maitama mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan benci.

"Jama'a, kun san abin da ya hana garin nan ci gaba?"

"Tsadar taki," in ji Maitama, yana sheƙa shayi.

"Burauza!"

"Sha ake yi ko shafawa?"

"Kun ji irinta ko! Burauza ita ce manhajar da kake dannawa a waya ko a kwamfuta ta kai ka intanet. Intanet kasuwa ce, burauza abin hawa. Ku duk wadda kuka tarar a cikin na'ura ita kuke hawa, kamar wanda ya gaji jakin kakansa. Ni kuwa na san su kaf, da mai gudu, da mai cin data, da mai tsegumi. Kafin kaka sai na sauya wa kowa tasa a garin nan. Daga nan in buɗe ofis a Malumfashi, in kafa allo mai fitila. Kuma da kwamfutar Kawu zan fara, don in shi ya yarda, kowa ya yarda."

A nan kaɗai ya faɗi gaskiya. Kawun nasa, Malam Maharazu, yayan mahaifiyarsa, tsohon malamin labarin ƙasa ne da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da alli kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai ƙa'ida. Ko gaisuwa ka yi masa a karkace sai ya sa ka sake. 'Yarsa Zakiyya, mai aikin jinya a Malumfashi, ita ta kawo masa kwamfutar cinya, kuma abu biyu yake yi da ita: karanta labarai da duba hasashen yanayi. Hasashen ma bai taɓa yarda da shi shi kaɗai ba. In an yi ruwa sai ya je gona ya tona ƙasa da hannu, in danshi bai kai wuyan hannunsa ba, ba ya taɓa sungumi.

Dalilin wannan taka-tsantsan kuwa irinsa ne. Wata farar masara ce da ya fara zaɓa tun yana aiki, kowace kaka ya ware goyon da ya fi cika, ya rataye a madafa hayaƙi ya tsare masa shi daga ƙwari. Ba ta a kasuwar Funtua, ba ta a shagon kowane mai sayar da iri. Bara shanu suka shiga gonar, abin da ya tsira bai wuce cikin ƙwarya ɗaya ba, daidai 'yar gonarsa ta bayan gari. In wannan ya salwanta, shi ke nan, an rufe babin.

Aƙilu ya same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, kwamfuta a cinya.

"Kawu, barka da hutawa. Kai! Har yanzu wannan burauzar kake amfani da ita? Ko a Kaduna aka gan ka da ita sai an tara maka jama'a."

"Tana buɗe mini abin da na ce ta buɗe."

"A cikin minti nawa?"

Gaskiya takan yi nawa. Har Malam yakan shanye kokonsa kafin shafi ya gama fitowa, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai.

"To, ji nan," in ji shi, ya ɗaga yatsa kamar a aji. "Sharaɗi uku. Ta buɗe da sauri. Kada ta shanye mini data. Rubutu ya fito manya-manya, idona ba na da ba ne. In ka ci biyu ka faɗi ɗaya, ka faɗi duka."

"Kawu, wannan ai jarrabawar 'yan aji ɗaya ce."

Ta farko da ya saka ta buɗe kafin ƙiftawar ido, sai dai ba ita kaɗai ta zo ba. Wata mata ta faɗo tsakiyar allo tana rawa tana tallan man shafawa, da kiɗa mai tashin unguwa. Daidai lokacin Inna Hansai, matar Malam, ta leƙo da kwanon fura.

"Malam! Da girmanka? A ƙofar gida?"

"Ba ni na kira ta ba!"

"To, ni na kira ta?"

Aƙilu ya danna don ya kore ta, sai wasu biyu suka shigo suka kama mata rawar. Malam ya cire hularsa ya kifa a kan allon.

"Ta faɗi. Cire ta."

Ta biyu ba ta da kiɗa, amma rubutunta kamar sawun kaji ne a kan yashi.

"Wane yare ne wannan?"

"Na ƙasashen waje ne, Kawu. Cewa ta yi barka da zuwa."

"Duk wannan shafin barka da zuwa ne?"

"Suna da doguwar gaisuwa."

Kafin a kira Azahar ta lashe datar da Zakiyya ta saka masa ta wata guda. Malam ya yi wa Aƙilu wani kallo, irin kallon da ya sa ɗalibai da yawa suka tuna sunan babban birnin ƙasar da ba su taɓa ji ba. Aƙilu ya yi maza ya jona kwamfutar da wayarsa.

"Kwantar da hankalinka. Waɗancan gwaji ne. Yanzu zan saka maka ta manya."

Ta uku alamarta baƙin jemage ne ya buɗe fukafukai. Ta buɗe nan take, ba kiɗa, ba rawa.

"Wannan ɓoye mutum take yi," in ji Aƙilu, ya rage murya. "Kana zaune a nan, amma duk duniya ba wanda zai san inda kake."

"Ni ba ɓarawo ba ne. Kowa ya san inda nake, ƙofar gidana. Ina tsohuwar tawa?"

"Na goge ta. Cunkoso take kawowa."

"Da shafin yanayin Malumfashi da na adana a cikinta?"

"Ba ka da bukatarsa. Dubi nan."

A fuskar mai jemage akwai wani babban akwati da aka rubuta wa "Yanayi a inda kake", da zanen gajimare ƙato yana ɗigar da ruwa. A ƙasa akwai wasu ƙananan rubuce-rubuce da idon Malam bai iya kamawa ba.

"Ina sunan garin? Hasashe marar sunan wuri sifili nake ba shi."

"Wancan na Malumfashi ne, Kawu, dubi tazarar. Wannan saman rufin ɗakinka take aunawa."

"Yanzu ka ce ba wanda ya san inda nake. Ita ta yaya ta sani?"

"Haba Kawu! Ita fa ta ɓoye ka. Ai ta san inda ta ajiye ka."

Malam ya juya maganar ya rasa ta inda zai kama ta. Ga sauri, ga zane ƙato da ko ba tabarau yana gani, data kuma ba ta motsa sosai ba. Sharaɗi uku sun cika, kuma shi ba ya tauye wa ɗalibi makin da ya ci.

"Ta ci," in ji shi, ba da son ransa ba.

A yammacin ranar hadari ya haɗo daga gabas, ruwan farko ya sauka a Gozaki.

Da safe Aƙilu bai taka ƙasa ba don alfahari. Maitama ya ba shi shayi mai kauri kyauta. Shi kuwa Malam ya je gona ya tona, danshi bai wuce tsawon yatsunsa ba. Yana share hannu sai ga Aƙilu da kwamfuta a hammata, maƙwabta na biye da shi.

"Kawu, ina sungumi?"

"Bai kai ba. Ruwan farko ba a shuka masara da shi. Sai na ga na biyu."

"Ga na biyu nan, ga na uku, ga na goma!" Aƙilu ya buɗe allo. Gajimare ne a jere, kowanne da ɗigonsa, har ƙarshen shafi. "Kashi casa'in cikin ɗari, kullum. Jiya ta ce za a yi, an yi ko ba a yi ba?"

"An yi," in ji maƙwabta.

"To! Ni dai abin da ke ba ni mamaki, malamin labarin ƙasa guda, ga kimiyya a gabansa, yana tonon ƙasa da farce kamar kurege."

Wannan magana ba ta dace a faɗa wa kawu ba, balle a gaban mutane. Kuma ta soki Malam a inda ya fi ciwo, domin rabin rayuwarsa ya yi yana faɗa wa iyayen yara su daina raina ilimin zamani. Ya dubi gajimaren, ya dubi fuskokin jama'a, ya juya gida.

"Hansai, sauko mini da irin nan."

"Malam, ka rage ko tafi ɗaya mana."

"Inna, ajiyar iri ta masu shakka ce," in ji Aƙilu daga bakin zaure.

"Kai kuma wa ya sa da kai?" in ji Inna Hansai.

Malam ya shuka duka, har ƙwaya ta ƙarshe. Maƙwabta kuwa, waɗanda suka yi ta cewa "an yi, an yi", kowa ya koma ya zauna a kan buhun irinsa. "Mu ga na Malam tukuna."

Tsiro ya fito kore shar, layi-layi, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta washe kamar an wanke ta da sabulu. Rana ta buɗe ido. Kowace safiya jemage na nuna ruwa kashi casa'in, kowace yamma Malam na tsaye a ƙofar gida yana duban gabas, ba ko gajimaren da zai rufe tafin hannu.

Ya aika aka kira Aƙilu.

"Ina ruwan?"

"Yana lodi, Kawu. Ka san babban abu ba ya saukowa lokaci ɗaya."

Washegari ya ce ruwan ya tsaya a Mahuta, yana nan tafe. Aka yi rashin sa'a wani ɗan acaba da ya fito daga can yana shan shayi kusa da ƙofar gidan Malam, ya jiyo shi.

"Mahuta? Wallahi ko ɗigo. Mu ma cewa aka yi yana wajenku."

"To matsalar sabis ce," in ji Aƙilu. "Burauzar tana kira, sama ba ta ji sosai. Sai an ɗaga ta."

Kafin Malam ya hana, ya kafa tsani ya haye rufin madafa, ya ɗaga kwamfuta sama da hannu biyu yana juyawa gabas da yamma. Rufin tsohon kwano ne da hayaƙi ya gama cinyewa. Ji kake ƙarararas! Ƙafarsa ta dama ta ɓurma har cinya, ta sauko tana lilo daidai saman tukunyar da Inna Hansai ke tuƙa tuwo. Ita kuwa ba ta tsaya tambayar ƙafar wa ce ba, ta ɗaga muciya ta shiga aiki.

"Wayyo Inna! Ni ne! Injiniya ne!"

"Injiniyan ne nake nema!"

Malam na tsakar gida, hannu biyu a sama. "Kwamfutar! Kai, riƙe kwamfutar! Ƙafar ta warke daga baya!"

Da wani mai hankali ne, da ya lafa daga nan. Aƙilu sai ya ce rashin yarda ne ke damun garin, shi zai nuna misali. Ya samo rigar ruwa ta leda mai kauri, da takalmin roba har gwiwa, da lema, ya riƙa zaga gari da su tsakar rana yana ɗingishi. Ya bi gida-gida yana cewa mata su fito da bahuna da bokitai, yau kam babu fashi. Suka fito da su. Da yamma kaji suka shiga ciki suka kwanta.

Ranar da zafi ya fi tsanani ya iso teburin shayi, gumi na zuba daga hannun rigar kamar indararo.

"Sannu Injiniya," in ji Maitama. "Ashe gaskiyarka, ana ruwa. Sai dai kai kaɗai ake yi wa."

"Ku yi dariyarku. Nan da awa ɗaya za ku..."

Bai ƙarasa ba idonsa ya juye, ya zube a ƙasa, lema ta yi nata wuri. Aka yi salati aka rufu a kansa. Maitama ya ɗauko bokitin wanke kofuna ya sheƙa masa. Aƙilu ya zabura ya zauna, ido a rufe, hannu a sama.

"Ya sauko! Ban faɗa muku ba? Ya sauko!"

Har mai tsire na tsallaken titi sai da ya riƙe ciki.

Malam Maharazu shi bai ga abin dariya ba. A yammacin nan ya je gona ya tarar ganyen masararsa ya murɗe, ya koma kalar toka, wasu sun kwanta a kan kunya. Ya tsuguna ya taɓa ɗaya, ya ji shi kamar takarda. Aikin shekara da shekaru, yana mutuwa a gabansa saboda zanen gajimare. Ya miƙe ya nufi gidan ƙanwarsa kai tsaye, bai ko amsa gaisuwar mutanen hanya ba.

"Aƙilu, fito. Gobe za ka nuna mini inda ruwan nan yake. Ba a ɗaki ba. A gaban shaidun da ka ce mini kurege."

"Kawu, ka ma taimake ni! Dama abin da nake so ke nan. Allon kwamfutarka ne ya yi ƙanƙanta, shi ya sa mutane ba su gane ba."

Washegari bayan La'asar, ƙofar gidan mai unguwa Salisu ta cika. Aƙilu ya aro babbar talabijin ta gidan kallon ƙwallo da janareta, ya jona kwamfutar. Mai unguwa na kan kujerarsa, Liman Zainulabidin na gefensa, mata na leƙe ta saman katanga. Jemage ya bayyana, girmansa ya kai na akuya.

"Jama'a, ku buɗe ido," in ji Aƙilu. "Yau za ku ga bambancin burauza da burauza."

Gajimare suka jeru. Amma a babban allo ƙananan rubutun nan na ƙasa su ma sun girma, kuma Malam na layin gaba da tabaransa.

"Dakata. Wancan me aka rubuta? Zafi, maki sha ɗaya?"

"E, Kawu."

"Sha ɗaya? Muna nan muna narkewa kamar man shanu?"

"Ma'aunin Turawa ne. Sai an ninka shi."

"Sau nawa?"

"Ya danganta da yadda mutum ke ji."

Liman ya miƙa carbinsa wajen allon. "Ɗana, wancan zanen rana da ta nutse rabi fa, da lamba a gefenta?"

"Allah gafarta Malam, lokacin faɗuwar rana ne. Har wannan tana sani."

"Karanta mana."

Aƙilu ya karanta da ƙarfi kafin ya yi tunani. "Ƙarfe goma saura kwata na dare."

Liman ya gyara rawani.

"Goma saura? To, in azumi ya riske mu a haka, wa zai kai?"

Dariya ta ɓarke. Aƙilu ya ɗaga hannu. "Ƙaramin kuskuren agogo ne! Ku bar wannan. Yanzu zan buɗe taswira ku ga hadarin da idonku a saman Gozaki."

Ya danna. Taswira ta buɗe, ga hadari kuwa baƙi ƙirin ya lulluɓe ko'ina. Sai dai rabin allon shuɗi ne.

"Wannan shuɗin fa?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, kududdufin bayan gari ne."

"Wanda ya ƙafe tun sanyi? Har da jiragen ruwa a cikinsa?"

Aƙilu ya kai yatsa zai rufe taswirar, sai ya danna wani abu dabam. Allo ya cika da hoto mai motsi, kai tsaye daga inda jemage ya ajiye kwamfutar. Ga titi shimfiɗe da jan bulo, ga ruwa na gudana a tsakiyar gari da kwalekwale a kai, ga Turawa cikin manyan riguna a kan kekuna, ruwan sama na dukansu kamar da bakin ƙwarya.

"La ilaha illallahu!" in ji Maitama. "Ga ruwanmu can ana raba wa wasu!"

Malam Maharazu ya miƙe a hankali. Ya ɗauki sandarsa, ya taka har gaban talabijin, ya ce a mayar da taswira. Muryar aji ta dawo masa.

"Wannan gaɓar teku ce ta arewacin Turai. Wannan ƙasar Holan ce. Ƙasa ce da ruwa ya yi wa yawa har suna gina masa katanga. Duk wanda na koyar a cikinku ya kamata ya gane ta, kuma ina ganin da yawanku a nan." Wasu magidanta suka sunkuyar da kai. Ya juyo da sandar ya nuna Aƙilu. "Ka ce ta san inda ta ajiye ni. Ashe nan ta ajiye ni. Ka kai ni Turai ba fasfo, ba sallama da iyali, ka bar masarata a Gozaki tana jiran ruwan Holan!"

"Kawu, ai hasashen daidai ne. Wurin ne kawai..."

"Wurin ne kawai! Ni a wurin nake noma!"

Aƙilu ya duba hagu ya duba dama, ya ga wata 'yar kafa tsakanin benci da katanga, ya zabura. Takalmin roban nan da bai daina sawa ba ya sarƙe da wayar janareta. Talabijin ta mutu, shi kuma ya tafi da baki ya sauka daidai ƙafafun mai unguwa.

"Madalla," in ji mai unguwa Salisu. "Ka kawo kanka. Malam, me kake nema?"

Malam ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, ba haƙuri nake nema ba, haƙuri ba ya tsiro. Ba kuma wani iri nake so a sayo mini ba, nawa ba shi da na biyu. Yaron nan ya yi mini alkawarin ruwa kullum a gaban mutanen nan. An yi ko ba a yi ba?"

"An yi!" in ji jama'a.

"To, ruwa nake so. Ya kawo shi ta inda ya ga dama."

Mai unguwa ya yi shawara da Liman cikin raɗa, sannan ya yi gyaran murya. "Aƙilu, akwai rijiya kusa da gonar. Za a ba ka kurar ɗiban ruwa da jarkoki. Kullum ka shayar da masarar nan tushe-tushe, kuma duk ranar da ka fara ba ka tashi sai ka kai kunya ta ƙarshe. Haka za ka yi har Allah ya kawo nasa."

"Ranka ya daɗe, ni fa injiniya ne."

"Shi ya sa. Aikin ruwa ai naku ne."

A ranar Malam ya kira Zakiyya a waya, tana faɗa masa yana dannawa da yatsa ɗaya, har ya kori jemage ya dawo da tsohuwar burauzarsa. Ta yi nawarta da ta saba, sannan ta buɗe. A sama an rubuta Malumfashi ɓaro-ɓaro, a ƙasa zanen rana a jere.

"Baba, akwai wasu masu sauri fa, masu kyau," in ji Zakiyya. "In na zo sai mu zaɓa tare."

"Sai kin zo. Amma sharaɗi ya ƙaru. Ta san inda nake, kuma kada ta ji kunyar faɗa."

Tun daga nan gonar Malam ta zama wurin kallo. Da sassafe za ka ji kukan kura, Aƙilu na turawa, jarkoki na kaɗawa. Malam na zaune a inuwa a bakin gona yana lura da kowane tushe. Masu wucewa sukan tsaya.

"Injiniya, yau kashi nawa ne cikin ɗari?"

"Hadarin Gozaki, a yi mana ko yayyafi a tamu gonar mana!"

Wasu tsiron sun riga sun tafi, ba yadda za a yi da su. Amma mafi yawa suka warware, suka miƙe, koren ya dawo. Bayan Aƙilu ya sanƙare, tafin hannunsa ya yi kanta, tabaran nan marar magani ya faɗa rijiya ba wanda ya nema.

Ranar wata Laraba da yamma, yana tsakiyar gona da jarka a kafaɗa, iska ta juya. Gabas ta yi baƙi, aka yi tsawa, sai ruwa ya ɓalle, irin mai cika kunya nan take. Manoman da ke kusa suka rugo gindin mangwaron bakin gonar suna hamdala. Aƙilu ya yi jifa da jarka, ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Allah ya kawo nasa! Kawu, sai da safe!"

Malam ya buɗe lema, ya fito daga gindin mangwaro.

"Ina za ka?"

"Gida mana! Ba ka ga ruwa ba?"

"Na gani. Daga gobe ka huta. Amma yau ka fara ko ba ka fara ba?"

"Na fara, amma..."

"Me mai unguwa ya ce game da ranar da ka fara?"

"Haba Kawu! A cikin wannan ruwan?"

"Ni ban ji ya ce ban da ranar ruwa ba. Ku kun ji?"

"Ba mu ji ba!" in ji mutanen gindin mangwaro, har da masu tafi.

Haka Aƙilu ya sunkuya ya ɗauki jarka. Sama na zuba, shi ma yana zubawa, tushe-tushe, taɓo har idon sawu, Malam na biye da shi da lema taku-taku. Wani baƙo da ya fake da babur ɗinsa a wurin ya daɗe yana kallo, abin ya ɗaure masa kai, ya ɗaga murya.

"Bawan Allah, lafiya kuwa? Ban-ruwa ana ruwa?"

Aƙilu ya miƙe, ya share fuska, ya gyara kafaɗa.

"Sabon tsari ne, Alhaji. Daga Holan na kawo shi. Duk ƙasar nan ni kaɗai na iya."

Malam ya taɓa shi da sanda a baya.

"Ka tsallake guda biyu. Koma."